ZUCIYA ƊAYA

Jawabin da aka yi a madadin masu bi na cikin ƙungiyarmu, ran taron godiya na bayan girbi, a unguwar Kara-Kara cikin Damagaram. An buga shi domin 'yan'uwa da ke nesa, da waɗanda ba su samu zuwa ba. Wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba.



Dattawa, iyayenmu maza da mata, shugaban ƙungiya da 'yan kwamiti, 'yan'uwa da suka taso daga gida tun da asuba, da ku mazauna Birni da Zango da Garin Malam da Sabon Gari, muna yi muku barka da zuwa. Muna kuma gaida 'yan'uwanmu Musulmi na ƙungiya, waɗanda suka zo suka zauna da mu kamar yadda suka saba kowace shekara. Maganar yau ta masu bin Yesu Almasihu ce, amma kada kowa ya tashi. In da muna da wata magana ta cikin masujada, da wata dabam ta gaban maƙwabta, ai da mun rushe batun tun ba mu soma ba.

Abin da dattawa suka ɗora mana mu yi magana a kai shi ne zuciya ɗaya, watau sahihanci cikin bangaskiya da cikin zaman duniya. Malaman Musulmi suna ce masa ikhlasi. Mutumin karkara kuwa ba ya neman babbar kalma, sai ya ce wane yana yin abu tsakani da Allah. Kishiyarsa ma duk mun san sunayenta: riya, ganin ido, fuska biyu, baki biyu, munafunci. Yawan sunayen nan kaɗai ya isa ya nuna ciwon ya daɗe a cikin mutane.

Duk macen da ta taɓa sayen buhun gawayi a garin nan ta san abin da muke nufi. Bakin buhu manya-manya ne masu ƙara, in an kai tsakiya sai gari da ƙasa. Haka nonon da aka tsinka da ruwa, haka man mota na kwalba da aka haɗa da kalanzir. Mai saye ba ya ƙin ƙananan gawayi in an gaya masa ƙanana ne, sai a yi ciniki a kan haka, kowa ya kama gabansa. Abin da ke ƙona masa rai shi ne an nuna masa wani abu, an sayar masa da wani. To, mai zuciya ɗaya shi ne wanda in an zazzage buhunsa, abin da ke ƙasa shi ne aka gani a baki. Ku lura, ba mu ce marar zunubi ba. Sarki Dawuda ya yi babban laifi, har da jinin mutum a hannunsa, amma da annabi Natan ya tsare shi bai yi kwana-kwana ba, ya amsa. Wannan amsawa ita ce ta raba shi da waɗansu da laifinsu bai kai nasa ba.

Da Helenanci aka rubuta Sabon Alkawari. Kalmar da aka sa inda Ubangiji yake tsauta wa munafukai, asalinta sunan ɗan wasan kwaikwayo ne, wanda ya kan ɗaura fuskar aro ya fito gaban jama'a kamar sarki ko kamar tsohuwa. Dattawan da suka koyi karatu da tsohuwar fassarar Hausa ta 1932 sun fi sanin mutanen nan da masu riya. Ɗan wasa a dandali ba shi da laifi, gama kowa ya san wasa ne, an yi dariya an watse. Laifi sai ran da aka ɗauko wasan daga dandali aka shigo da shi masujada. In kun koma gida ku duba Matiyu sura 6 da sura 23. Yesu ya zauna ya ci abinci da masu karɓar haraji, ya yi magana mai laushi da matan da gari ya tsana, amma harshensa ya yi kaifi a kan masu doguwar addu'a don a gani, da masu sadaka da shela, da masu azumi suna yamutsa fuska domin a tambaye su.

Yanzu me ya sa batun nan ya shafe mu, mu na nan, fiye da waɗansu? Sai mu waiwaya baya kaɗan.

Faransawa sun ci Damagaram a 1899, suka mai da ita babban birnin ƙasa har 1926 da suka ƙaura zuwa Yamai. A cikin shekarun nan ne, a 1924, 'yan mishan na SIM suka sauka a garin nan, nan ne kuwa suka fara aiki a duk ƙasar Nijar. Aikin bai yi saurin kama ƙasa a Damagaram ba, ya fi kamawa wajen Maraɗi da Tsibiri. Daga baya aka buɗe asibitin Galmi a 1950, aka buɗe na masu kuturta a Danja kusa da Maraɗi a 1956. A hayin Najeriya kuwa tun shekarun 1930 'yan mishan suke kula da zangunan kutare, irin su Yadakunya a Kano, da Babbar Ruga a Katsina, da Amanawa a ƙasar Sakkwato. Watau a ƙasar Hausa bishara da magani tare suka shigo, ta ƙofa ɗaya. Mutane da yawa daga cikin masu bi na farko a gadon jinya suka fara jin sunan Yesu.

Unguwar nan da muke zaune ma kowa ya san asalinta. Wuri ne da aka ware can gefen gari domin masu kuturta, makafi da mabarata suka biyo, sa'an nan talakawan karkara irinmu da yunwa ta koro suka raɓa, domin a nan ne kaɗai mai kuɗi kaɗan zai samu inda zai kafa bukka. Saboda haka akwai wata magana da ta daɗe tana bin masu bi a ƙasar nan, ana faɗinta a kasuwa, ana faɗinta a gindin bishiya: ai don magani suka shiga, ai don hatsin Nasara ne. Kada mu yi fushi da mai faɗin haka. Mu tambayi kanmu abin da za mu ba shi amsa da shi, gama baki ba ya iya amsa wannan zargi. Shekaru ne suke amsawa. An ga waɗanda suka warke, Bature ya koma ƙasarsu, taimako ya yanke, dangi suka juya musu baya, amma har suka mutu ba su saki ba. An kuma ga waɗanda da hatsi ya ƙare bangaskiya ta ƙare. Duka biyu an yi, ba sai mun ɓoye ba.

Akwai labari ɗaya a Littafi Mai Tsarki da kamar don Kara-Kara aka rubuta shi, yana cikin Sarakuna na Biyu, sura 5. Na'aman babban jarumi ne, shugaban mayaƙan Suriya, amma yana da kuturta. Wata yarinya baiwa da aka kamo daga ƙasar Isra'ila ita ta gaya wa uwargijiyarta akwai annabi a ƙasarsu. Ya taso da dawakai da karusai, da azurfa talanti 10, da zinariya 6,000, da tufafi sawu 10, domin a ganinsa lafiya abin saye ce. Annabi Elisha ko fitowa bai yi ba, ya aika masa ya tafi ya yi wanka sau 7 a Kogin Urdun. Mutumin ya husata, barorinsa suka lallashe shi, ya shiga ruwa, ya fito fatarsa kamar ta ƙaramin yaro. Ya komo ya roƙi annabi ya karɓi kyauta. Elisha ya ƙi, ko allura bai taɓa ba. Ai annabi ma yana cin tuwo, almajiransa kuma ba masu wadata ba ne. Ya ƙi ne domin kada baƙon nan ya koma ƙasarsa da zaton ya biya Allah kuɗin magani.

Sai ga Gehazi, baran annabi. Ya ga dukiya tana tafiya, ransa ya biya. Ya sheƙa ya tarar da Na'aman a hanya, ya ce maigidansa ne ya aiko shi, wai waɗansu samari biyu daga cikin almajiran annabawa sun sauka yanzu, ana bukatar talanti ɗaya da tufafi sawu biyu. Na'aman da farin ciki ya ba shi talanti biyu, har da masu dako. Gehazi ya ɓoye kaya a ɗaki, ya zo ya tsaya gaban Elisha kamar bai san komi ba. Aka tambaye shi daga ina, ya ce bai je ko'ina ba. Ciwon da ya bar Na'aman ya koma kansa. Ku duba fa, Gehazi ba baƙon addini ba ne. Shi ke riƙe sandar annabi, shi ake aika, ya san dukan kalmomin ibada. Da sunan aikin Allah ya yi ƙaryar, da sunan bukatar waɗansu. Shi ya sa ta yi muni.

A nan sai mu tsaya mu ja kunne, domin akwai iyayenmu a wurin nan da ciwon ya taɓa. Kada wani ya fita ya ce an faɗi a taro kuturta hukuncin maƙaryaci ce. Na Gehazi dabam ne. Sa'ad da almajirai suka ga makaho suka tambayi Yesu laifin wa ne, nasa ko na iyayensa, ya ce musu ba na kowa ba ne. Kuturta ƙwayar cuta ce, wani likita a ƙasar Norwe mai suna Hansen ya gano ta a 1873. Tun farkon shekarun 1980 aka samu haɗin magunguna da ke kashe ta cikin wata 6 ko shekara ɗaya, tun 1995 kuwa Hukumar Lafiya ta Duniya take bayar da su kyauta. Wanda ya fara sha ba ya ba kowa ciwon. Waɗanda suka rasa yatsu, magani ne ya iske su a makare, ba wani abu ba.

Amma iyayenmu nan suna iya koya mana wani abu da mai lafiya bai sani ba. Mugun aikin ciwon nan shi ne kashe jijiya. Mutum ya ɗauki tukunya daga wuta ba ya jin zafi, ya taka ƙaya ya yini da ita, sai da dare ya ga jini. In ma'aikacin likita yana so ya gane tabon da ke jikin mutum, sai ya ce masa ya rufe ido, ya ɗauki 'yar auduga ya taɓa wurin, ya ce, nuna mini inda na taɓa. Wanda kunya ta sa ya ce yana ji, alhali ba ya ji, kansa ya cuta, gama an sallame shi ba magani. Haka riya take yi wa zuciya. Ƙarya ta farko tana hana mutum barci. Ta goma ba ta hana shi komi. Ran nan sai ya tsaya ya ja waƙa a gaban jama'a da kuɗin marayu a aljihu, ko gezau. Mutumin da har yanzu zuciyarsa ke damunsa in ya yi ba daidai ba, ya gode wa Allah, jijiyarsa da rai.

Labarin Gehazi ya fi shafar masu rabo bisa masu karɓa. Dattawa sun tuna yunwar 1973 da 1974, da yadda hatsin taimako ya riƙa ɓacewa tsakanin Yamai da karkara, har sojoji suka ambaci wannan cikin dalilansu da suka karɓi mulki a watan Afrilu na 1974. Sun tuna ta 1984, wadda ake kira El Buhari. Matasa sun ga ta 2005. Kowace yunwa tana fito da Elisha, tana fito da Gehazi. Mai bi da aka danƙa wa buhu goma ya raba, in ya fara da gidan surukinsa, ko ya ce wa mayunwaci sai ka zo sujada ran Lahadi za a rubuta sunanka, ya sayar da abin da Elisha ya ƙi sayarwa. Mayunwacin nan zai zo, zai kuma rera waƙa, amma kai ka koya masa riya, alhakinsa yana wuyanka. A ba Musulmi, a ba Bamaguje, a ba mai bi, da tiya ɗaya. Wanda ya tambayi dalili a gaya masa, wanda bai tambaya ba a bar shi ya tafi da hatsinsa.

Samarin unguwar nan, waɗanda duniya ta gani a fim ɗin da Aisha Maki 'yar garin nan ta fitar a 2021, ana yi musu kallon 'yan ta'adi. Amma in ana neman masu saurin gane ganin ido, su ne. Tun suna yara suke ganin masu zuwa da mota, a jera tsofaffi a rana, a miƙa sabulu, a ɗauki hoto, a tafi. Kada taimakon masu bi ya zama irin wannan. Hausawa sun ce wanda ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski.

Ba za mu wuce ba sai mun taɓa abin da ya faru a watan Janairu na 2015, ko da yake tunawa da shi ba daɗi. Wata jarida a Faransa ta buga zanen da ya ɓata wa Musulmin duniya rai, masu bi na ƙasar nan kuwa ba su da hannu a ciki, ba su kuma ji daɗinsa ba. Ran Jumma'a 16 ga wata aka ƙone masujadai a Damagaram, da gidaje da shaguna, da gidan al'adun Faransa. Kashegari wutar ta kai Yamai. Mutum 10 suka rasu cikin kwana biyun nan. Masu bi da dama a barikin soji suka kwana. A ranar an ga abubuwa iri biyu da ya kamata 'ya'yanmu su sani. An ga maƙwabta Musulmi da suka buɗe ƙofa suka ɓoye masu bi a ɗakunan matansu. Ba wa'azi ya sa suka yi haka ba. Shekara ashirin suna zaune da mutumin nan, sun ba shi ajiya ya mayar, sun ci bashinsa bai tona su ba, sun san cikinsa. Ƙidayar 2012 ta nuna masu bi ba su kai ɗaya cikin ɗari ba a ƙasar nan. Mutanen da suke kaɗan haka ba su da garu, ba su da runduna. In akwai abin da ke tsare su bayan ikon Allah, to, shaidar da maƙwabci zai yi musu ce.

Abu na biyu ya fi wuya. Bayan wuta ta mutu shugabannin ikilisiya suka fito suka ce an gafarta, daidai ne kuwa, haka Ubangiji ya umarta. Amma gafarar baki da ta zuciya ba rana ɗaya suke isowa ba. Akwai wanda har yau in ya haɗu da wanda ya gani da galan a hannu, cikinsa sai ya murɗa. Muna ce wa irin wannan ɗan'uwa, kada ka yi murmushin aro ka ce ba komi. Ka shiga ɗaki ka gaya wa Allah da komi, ka ce ina so in yafe, ban iya ba tukuna, ka taimake ni. Zabura cike take da mutane masu kai ƙara gaban Allah ba tare da sun gyara murya ba. Addu'a mai ɗaci da gaskiya ta fi mai zaƙi da aka ara.

Sai batun gida da birni, wanda ya shafi kowane ɗan cin rani a nan. Akwai mai bi a Damagaram wanda in ya sauka a tashar garinmu sai ya zama wani mutum. Akwai mai waƙa da ƙarfi ran Lahadi, ga laya a ɗamara, in yaro ya yi zazzaɓi kafin likita boka. Ba mu zo mu tona kowa ba, kuma dattawa su yi hankali wajen hukunci, domin ba duk mai shiru ne munafuki ba. Yarinyar da ke zaune gidan kawunta, ba ta da wurin zuwa in an kore ta, ba daidai take da magidanci mai cin gashin kansa ba. Nikodimu da dare ya fara zuwa wurin Yesu, ba a kore shi ba, daga baya kuwa a fili ya fito ya ɗauki gawar Ubangiji. Ku koma ga Na'aman ma. Kafin ya tafi ya gaya wa Elisha damuwarsa a fili: shi baran sarki ne, in sarki zai shiga ɗakin gunkin Rimmon a hannunsa yake jingina, dole in sarki ya sunkuya shi ma ya sunkuya. Bai ɓoye ba, bai yi alkawarin da ba zai iya ba. Annabi ya sallame shi da salama. Tsoro dabam, ciniki dabam. Mai tsoro yana kuka a zuciya yana neman ranar fitowa. Mai ciniki kuwa yana auna inda riba take, in wajen masu bi ne ga shi, in wajen liman ne ga shi, ba na Almasihu ba, ba na Annabi ba. Irin wannan ko 'yan'uwanmu Musulmi ba su da bukatarsa.

Akwai kuma wata ƙarya da ba a ɗauke ta ƙarya ba. Mutum yana fasa dutse a bayan unguwar nan, ko yana tura bido na ruwa, yana kwana shi da mutum biyar a ɗaki guda. Ba abin kunya a ciki, guminsa yake ci. Amma Kirsimati ko Salla ta zo, sai ya ari babbar riga, ya ci bashin salula, ya sauka gida yana rabon goro kamar ɗan kasuwa. Ƙanensa ya gani, ya jefar da hauya. Matar maƙwabci ta gani, ta ce wa mijinta zama ya ƙare. A watan Oktoba na 2013 an tsinci gawa 92 a hamada, arewa da Arlit kusa da iyakar Aljeriya, yawancinsu mata da yara, ƙishirwa ta kashe su bayan motocinsu sun lalace. Da yawansu daga ƙasar Kance suka fito, nan kusa da mu. Yunwa ce ta tashe su, wannan gaskiya ne. Amma labarin daɗi da masu dawowa ke bayarwa, su ɓoye wahalar, shi ma yana tura mutane. Ɗan'uwa, in ka je gida ka faɗi yadda birni yake. Ka faɗi kuɗin haya, ka faɗi kuɗin ruwa, ka faɗi ranar da ka kwana da yunwa. Wanda ya ji duka ya ce zai zo, ya zo da idonsa a buɗe.

Yanzu mu zo ga asusu, gama dattawa ba don jin daɗin baki suka zaɓi batun nan ba.

A taron bara an tashi gudummawar gyaran rijiyar gari. Kowa ya ji yadda aka yi ta ɗaga murya, wannan ya ce jika goma, wancan ya ce ashirin, mata suna guɗa, magatakarda yana rubutawa. Aka aika gida aka ce kuɗi sun samu, mai gari ya kira magina. Abin da ya shigo hannun ma'aji kuwa bai yi kusa da abin da ke takarda ba. Rijiya tana nan yadda take, iyayenmu mata suna tafiya garin maƙwabta da jakuna. A cikin Ayyukan Manzanni sura 5 akwai Hananiya da matarsa Safiratu. Sun sayar da gona, suka kawo wani kashi, suka ce duka ke nan, domin sun ga yadda aka yabi Barnaba da ya kawo nasa. Bitrus ya tuna musu gonar tasu ce, kuɗin ma nasu ne, ba wanda ya tilasta musu. Da sun ce ga wani kashi, da an karɓa an sa musu albarka. Abin da ya kashe su shi ne son yabon da ba su biya kuɗinsa ba. Wanda ya ce dala ɗari ya kawo dala ɗari, da shi ake gina rijiya. Wanda ya ce jika ashirin bai kawo ba, ya sa an kira magini a kan iska, ya kuma kunyata tsohuwar da ke zaune kusa da shi har ta kasa faɗin 'yar dalarta.

Masu riƙon kuɗi ma akwai tasu. Ba mu zargi kowa ba, ma'ajinmu mutumin kirki ne, shi da kansa ya roƙi a faɗi wannan. Manzo Bulus, da ya tara gudummawa domin matalautan Urushalima, bai ce ku amince da ni don ni manzo ne ba. Ya aiki Titus tare da waɗansu 'yan'uwa biyu, ɗaya ikilisiyoyi ne da kansu suka zaɓe shi, domin kada a samu abin faɗi. Yana cikin Korantiyawa ta Biyu sura 8. A zamanin Sarki Yowash kuma, da aka ga gyaran Haikali ya ƙi ci gaba, sai aka huda murfin akwati aka ajiye, in ya cika magatakardan sarki da babban firist su ƙirga tare. In manzo bai ji an ci mutuncinsa don an sa masa abokan tafiya ba, wane ne mu? Mai gaskiya ba ya gudun fitila. Ciki da gaskiya wuƙa ba ta huda shi.

Saboda haka ga abin da kwamiti ya shirya, dattawa kuma sun yarda. Daga watan gobe mutum uku za su riƙa buɗe asusu tare, ɗaya daga cikin mata, ɗaya daga cikin 'yan'uwanmu Musulmi, ɗaya daga cikin masu bi. Duk wanda ya ba da kuɗi a ba shi takarda a hannu. Za a karanta lissafi a kowane taro, a kuma buga shi a shafin baya na takardar nan. Ba za a ƙara kiran gudummawa da ɗaga murya ba, kowa ya je gefe ya gaya wa magatakarda abin da zai iya. Waɗanda suka yi alkawari bara, abin ya fi ƙarfinsu, ba za a karanta sunan kowa ba. Su ga ma'aji kafin ƙarshen wata, su faɗi abin da za su iya da gaske, a soke na dā a rubuta sabo, domin mu san abin da za mu aika wa mai gari kafin rijiya ta ƙafe da bazara. Na Kano da na Agadas da na Yamai su aiko da nasu jawabin ta hannun wakilansu.

Iyayenmu mata sun aiko tuwo ya sauka. Baba, sai ka rufe mana da addu'a.